Guzurin Baba Zuwa Yamai

Litinin, 5 ga Maris, 1979

Na dawo daga masaƙa ƙafafuna kamar ba nawa ba, tun safe ina tsaye ina naɗe yadi. Ko ruwa ban kurɓa ba Baba ya tare ni da labari: wai Yamai za shi. Yamai! Mutumin da ko masallacin bakin titi sai ya yada zango a bencin mai shayi kafin ya ƙarasa.

Na ce, Baba, da wace ƙafar? Ya ce, "Uwata, da wadda ta kawo ni Kano." Sunan mahaifiyarsa gare ni, Rakiya, shi ya sa ba ya faɗa, kuma in ya ce Uwata da wannan muryar to ya riga ya gama shawara. Ƙafar da ta kawo shi daga Tasawa ta Nijar cin rani ƙafar saurayi ce. Ta yanzu a kumbure take, ni nake gasa ta da ruwan ɗumi kullum, ni nake masa miya daban ba gishiri tun da likita ya ce zuciyarsa ta gaji.

Wai ƙanwarsa Gwaggo Sauda da ke can ta aiko cewa idonta ya fara dushewa, tana son ganinsa. Sannan wai ƙasarsa ce, an ce ta yi babban birni har da gada a kan kogin Kwara, ba zai bar duniya bai gani ba. Shekarunsa duka a gadin kamfanin gyaɗa na Bompai bai tuna da gada ba sai yanzu da bazara ta kunno kai.

Raina a ɓace yake. Ban ci tuwo ba.

Alhamis, 8 ga Maris

Yau aka sayar mana da yadin da ya samu aibi a saƙa, wanda kamfani ke ba ma'aikata da araha. Baba ya ce in samo masa fari, mai yawa, marar tabo in da hali. Na kutsa cikin mata har Esta, wadda muke tebur ɗaya da ita, ta ce yau Rakiya za ta karya wa wani haƙarƙari. Na zaɓo mai kyau, zare ɗaya ne kawai ya zame a gefe. Na naɗe shi da hannuna irin naɗin kanti. Ko ba komai ya ɗinka taguwa da wando, waɗancan sun mutu.

Ya karɓa ya shafa, ya yi ta sa albarka har na ji kunya.

Lahadi, 11 ga Maris

Ashe Uwaisu ne. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ya hura wutar nan. Ya zo daga Panshekara yana warin fatar majemar Challawa, ya zauna ya miƙe ƙafa kamar wanda ya yi abin kirki. Wai abokinsa Muntari direba yana ɗaukar kwanukan tasa daga wani kamfani a Sharada zuwa Yamai, ya yarda ya ɗauki Baba da Malam Uba a gaba, kuɗin goro kawai za su ba shi.

Malam Uba! Abokin gadin Baba, wanda sai ka yi ihu kafin ya ji sallama. Mai ciwon ƙafa da mai ciwon kunne, su ne za su ƙetare iyaka a motar kwanuka.

Na ce in dole ne a jira damina ta sauka gari ya yi sanyi, a haɗu a sa shi a motar fasinja mai kujera. Baba ya ce motar fasinja ta masu albashi ce. Na ce araha ba ta ado. Uwaisu ya ce, "Haba Yaya, ki bar tsoho ya sha iska mana." Iska! Kai da kake leƙo mu sai an yi albashi, ka ajiye ƙullin goro ka tafi, ka san sau nawa numfashinsa ke sarƙewa? Na faɗa masa haka a gaban Baba. Ya ce bakina ne ya hana ni zaman aure. Na ɗauki murfin tukunya, Allah ne ya rufa asiri Baba ya yi gyaran murya.

Talata, 13 ga Maris

Ba na magana da kowa a gidan nan sai gaisuwa.

Asabar, 17 ga Maris

Tsofaffin nan biyu sun mayar da ƙofar ɗaki majalisa. Kullum da yamma suna nan suna tsara tafiya, Baba na ihu, Malam Uba na cewa "Iye?" Duk Dakata ta ji za su Yamai, har masu dako suna tsokanata, wai a kawo musu tsaraba.

Na ji tsarin nasu daga madafa. Ba za su sayi abinci a hanya ba ko na anini: garin gero, ƙuli-ƙuli, dabino, tsamiya. Ba za su kama ɗakin kwana ba, inda mota ta tsaya masallacin tasha ya ishe su. Kowa da tabarmarsa da butarsa da gorar ruwansa. A Yamai kuma ƙafa ce motarsu, Malam Uba ya ji an ce akwai gidan da ake ajiye namun daji har da dorina, ranar da ba cunkoso za su je. Baba ya fito da tsohuwar takardar shaidarsa ta Nijar wadda ta yi laushi kamar ganye, yana nuna masa hotonsa da baƙin gemu.

Ya ce da ni, "Ba a fafe gora ranar tafiya, ki daka mana geron." Na daka. Da haushi na daka, har taɓarya ta tsaga mini tafin hannu. Ƙuli-ƙulin kuwa gishiri ne fal a cikinsa, na faɗa, ba wanda ya ji.

Laraba, 21 ga Maris

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba ya tafi sallar la'asar, na shiga ɗakinsa in saka masa maganin likita a cikin buhun tafiyar, don na san da gangan zai manta. A can ƙasa, ƙarƙashin tabarma, na ji abu a ƙulle cikin tsohon zanin marigayiya Inna. Na kwance. Farin yadina ne. Ba a kai shi wurin tela ba, naɗina ne a jikinsa yadda na ba shi. A cikinsa ga ƙullin ganyen magarya, ga kafur, ga 'yar kwalbar turare, ga sabulu sabo.

Ni da aka yi wa Inna wanka a gabana, ai ba sai an gaya mini ba. Likkafani ne.

Wato ni na shiga turereniya na zaɓo masa. Ni na duba ko da tabo. Ni na naɗe. Ya tsaya yana sa mini albarka, ni kuma sakarya ina murna zai yi sabuwar taguwa.

Ba ziyara za shi ba ke nan. Tafiya zai yi ya mutu a can wurin ƙanwarsa, ya bar ni da ruwan ɗumi a kan murhu.

Alhamis, 22 ga Maris

Na tambaye shi. Ban iya kewaye-kewaye ba. Na durƙusa na ce, Baba, me na yi muku da za ku sa ni sayen likkafaninku ban sani ba?

Bai ko girgiza ba. Ya ce da na sani da ban sayo ba, kuma na kanti tsada. Tsada! Ina kuka yana maganar tsada.

Abin da na riƙe daga maganarsa: wai haka suka taso suka ga manya na yi. Tsoho in zai yi doguwar tafiya, kuma ba mai hali ba ne, to ya ɗauki abin da zai hana shi zama nauyi a kan mutane, a raye ko a mace. "Tabarmata, butata, garina, da wannan. Duk guzuri ne, Uwata. Malam Uba ma nasa na cikin buhunsa."

Na ce to ku rantse za ku dawo. Ya ce ba ya rantsuwa a kan abin da ba a hannunsa yake ba. Na ce ni ce dai ba kwa son ku mutu a hannuna. Ya dube ni ya ce in tashi in ɗora sanwa.

Wallahi da ba mahaifina ba ne da na faɗi abin da za a yi ta maimaitawa a unguwa.

Asabar, 24 ga Maris

Na ɓata naɗi har sau ba adadi, shugaban sashenmu ya yi mini tsawa a gaban mutane. Duk farin yadin da ya biyo ta teburina sai in kawar da kai. Lokacin hutu na gaya wa Esta komai a gindin bangon injin, muna cin ƙosanta.

Ta ce kakarta a can Kagoro ta ajiye zanin da za a rufe ta da shi a ƙasan akwati tun Esta na goye, kuma har ta ga auren Esta. Ta ce, "Zani ba ya kiran mutuwa, Rakiya." Na ce kakarki ba ta hau motar kwanuka da bazara ba. Ta ce to ki hana shi mana in kin isa. Ita ma ta ba ni haushi.

Litinin, 26 ga Maris

Gobe ne. Na yi abin da na yi, kuma ba na nadama.

Da Baba ya fita sallar la'asar na zare likkafanin daga buhun, na naɗe wani tsohon bargo a cikin zanin Inna na mayar daidai inda yake. Yadin yana ƙarƙashin katifata. In ya duba kafin su tashi ya ga babu, ya fasa. In bai duba ba, to ya tafi da sanin Allah, amma mutum irin Baba ba zai yarda ya mutu a garin mutane ba likkafani ba. Dole ya lallaɓa ransa ya dawo.

Na san wannan ba hankali ba ne. Ba ruwana.

Talata, 27 ga Maris

Sun tafi. Bai duba ba.

Na raka su inda manyan motoci ke lodi kafin in wuce aiki. Motar Muntari ta sha kaya har ta karkace, kwanuka na ta ƙara tun ba a tashi ba. Sai da aka haɗu aka tura Baba kafin ya hau, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Malam Uba ya riga ya zauna da buta a cinya yana washe baki kamar ango. Uwaisu na ta kai da kawo yana ba direba umarni, shi a dole mai shirya tafiya.

Na ce da Muntari in wani abu ya sami tsohon nan kada ya sake biyowa ta Dakata. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai amana ce." Ban je Makka ba, kuma ban ga abin dariya ba.

Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Uwata, a yafe mu." Na ce Allah ya tsare, a daƙile. Ban ce na yafe ba. Ban ɗaga hannu ba.

Alhamis, 29 ga Maris

Na ɗora ruwan gashin ƙafa har ya tafasa kafin na tuna. Na zubar a tsakar gida.

Lahadi, 1 ga Afrilu

Zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. In mu da ke ƙarƙashin rufi muna haka, ina ga wanda ke gaban mota kusa da inji. Barci ba ya yiwuwa a katifar nan, ƙamshin kafur na fitowa ta cikin audugar. Uwaisu bai leƙo ba, ya san abin da zai tarar.

Laraba, 4 ga Afrilu

Wannan kam sai na rubuta.

Da na taso aiki na ga taro a bakin tashar manyan motoci. Wani dattijo ne, fasinjan wata motar albasa, ya sauko ya yi alwala ya zauna a inuwar taya, shi ke nan. Ba wanda ya san sunansa, direban ma cewa ya yi a hanya ya ɗauke shi. An lulluɓe shi da buhun albasa, ƙafafunsa a waje, duk faso. An zazzage jakarsa, ba komai sai carbi da guntun rogo.

Sai ga wani ɗan kamasho ya ɗauki kwano yana bi mota mota, "A taimaka da na likkafani, bawan Allah baƙo ne." Wasu na jefawa, wasu na kawar da kai, wani har yana cewa kullum sai an kawo musu irin wannan. Rana na dukan gawar, ƙudaje sun taru, ana jiran kwano ya cika. Mutumin nan wataƙila a garinsu mai daraja ne, wataƙila bai taɓa roƙon kowa ko allura ba.

Na juye abin da ke bakin zanina a kwanon na taho gida da sauri. Baba bai taɓa cin bashin mai shayi ba. Ko gishiri ba ya bari in aro a maƙwabta. Shi ne na tura ƙasar da ba wanda ya san shi sai makauniyar tsohuwa, da bargo a madadin sutura. In ta Allah ta kasance Malam Uba zai kwance zanin Inna a gaban mutane ya ga bargo, sannan a ɗauki kwano.

Har yanzu ina jin haushinsa. Amma yau na fi jin haushin kaina.

Juma'a, 6 ga Afrilu

Muntari ya dawo. Ban jira ya zo ba, ni na je na same shi a ƙarƙashin mota yana ɗaure wani abu.

Sun isa. Taya ta fashe musu bayan Maraɗi, sun yini a rana. A Doso zazzaɓi ya kama Baba, ya kwana a masallacin tasha yana rawar ɗari, Malam Uba na masa fifita da murfin kwano. Muntari ya ce tun daga iyaka Baba ya daina magana, ya ɗaure fuska, ko garin da aka dama bai sha ba sai da ƙyar. Da suka shiga Yamai dai ya ɗan warware. Gwaggo Sauda ta shafa fuskarsa da hannu ta gane shi, aka yi ta kuka.

Na ce ƙafar fa? Ya ce, "Gaskiya Hajiya, ta ƙara hawa."

Ranar Litinin zai sake lodi.

Litinin, 9 ga Afrilu

Na kai wa Muntari likkafanin. Na fito da shi daga ƙarƙashin katifa, na warware, na sake naɗewa don ya yamutse a gefe. Magaryar da kafur da sabulun duk na mayar. Turaren Baba na 'yan tebur ne, na canza da mai kyau. Na haɗa da kilishi marar gishiri da na sa aka yi musamman, da sauran maganin.

Muntari ya ɗaga ƙullin ya ce me ke ciki haka ba nauyi? Na ce kayan Baba ne da ya manta. Ya dube ni, na dube shi, bai ƙara tambaya ba. Ya sa shi a bayan kujerarsa, ba cikin kwanuka ba.

Ya ce in akwai saƙon baki. Na ce ka ce na yafe, shi ma ya yafe ni. Daga nan na wuce masaƙa na makara, aka rubuta sunana a ƙofa. Su rubuta.

Lahadi, 15 ga Afrilu

Uwaisu ya zo da ƙullin goronsa, ba ma mai cin goron a gidan. Na zuba masa abinci. Ya ce Yaya lafiya kuwa, yau ba faɗa? Na ce ci ka tashi.

Duk motar da ta yi ƙaho a titi sai in leƙa waje.

Asabar, 21 ga Afrilu

Muntari ya yi sallama da yamma, ina tsakar gida ina tankaɗe. Ina ganin ƙullin a hannunsa, zanin da na ɗaure shi da shi, sai na zauna daɓas a kan turmi. Ya ce, "A'a Hajiya, lafiya lau yake! Wallahi lafiya lau, da hannunsa ya ba ni."

Sai da na sha ruwa sannan na iya sauraronsa. Wai Baba ya kwance, ya kwashe kilishin da maganin, ya shinshina turaren ya ce wannan na masu albashi ne. Sannan ya ɗaure sauran ya ce a dawo mini da shi. Muntari ya ce ya sa shi ya maimaita saƙon don kada ya ɓata:

"Ka ce wa Uwata tun a Jibiya na laluba na ji bargo. Na yi fushi da ita har Doso, can da zazzaɓi ya kayar da ni na ce to, yau in na tafi ta ja mini kwano, sai na ƙi tafiya. Yanzu da ta aiko na san ta sake ni. Ta ajiye mini. Wadda ta naɗe shi ita za ta miƙa ranar da aka nema, a Dakata."

Ka ji tsoho. Ya sa na yi kukan aikawa, yanzu kuma ya sa na yi na karɓa. Mai taurin kai, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba.

Akwai hoto kuma, irin na masu ɗauka a bakin titi, su biyu suka haɗa suka biya ɗaya. Suna tsaye a gidan namun dajin, Malam Uba ya ƙame kamar soja da butarsa. Baba na dogare da sanda, ƙafar nan kamar turmi, ya buɗe baki yana dariya har ana ganin giɓinsa. Rabon da in ga wannan giɓin tun Inna na da rai. Wai dorina ce ta yi hamma. Gadar ma sun taka ta da ƙafa, suna hutawa suna tashi, har suka ƙetare.

Na sa yadin a akwatinsa, ba ƙarƙashin katifata ba. Hoton na soke shi a jikin madubi.

Muntari ya ce Baba na tambaya ko ya biyo motarsa ya dawo Kano a lodi na gaba, tunda ya san ni kaɗai ce a gida. Na ce ya gaya masa ya rage gishiri, ya riƙa ɗora ƙafar a kan buhu in zai kwanta. Har ya kai ƙofa na kira shi na ce, in akwai sauran abin da bai gani ba a garin, kada ya yi gaggawa.

Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Zafi ne, ina ji.